Papa Bayiha da Motar Gawar da Ta Ture Hannun Endale

Ƙarfe shida da rabi na safe, ko ana ruwa ko ba a yi, za ka ga Papa Bayiha Anatol ya shigo layinmu na Yabasi a Duwala ta ƙasar Kamaru da lemarsa mai karyayyen haƙarƙari biyu. Ba ya fara buɗe shago. Sai ya tsaya a bakin famfo ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, kamar mai shirin karɓar haihuwa, sannan ya ɗaga ƙofar ƙarfe, ya jera gilasan mota a kan katako yana bin gefen kowanne da yatsa. A aljihun rigarsa na ƙirji akwai wata tsohuwar kwalbar turare da ya cika da ruwan famfo. Shekara talatin da huɗu ina soya fanke da dafa wake a tsallaken shagonsa, ban taɓa ganinsa babu kwalbar nan ba sai rana ɗaya. Ranar nake so in ba ku labarinta, amma bari ku fara sanin mutumin.

Kullum sai mun yi faɗan da muka saba.

"Papa, ga shi da zafinsa, ɗauki biyu."

"Mami, kin san ba na taɓa mai sai na gama da ido."

"Idon mota ne zai cika maka ciki?"

"Ajiye mini dai. In yunwa ta kashe ni, ke za a tambaya."

Haka zai bar fanken ya huce har azahar, ya zo ya ci shi da sanyinsa yana cewa nawa ya fi daɗi in ya kwana.

Abin da yake kira ido kuwa, wani ɗan akwati ne da bai fi na ashana ba, yana manne da gilashin gaba ta ciki, a bayan madubin tsakiya. Motocin da ke saukowa daga jirgin ruwa a shekarun nan da yawa suna da shi, kuma masu su da yawa ba su san da zamansa ba. Shi ne ke sa waifa ta tashi da kanta in an fara yayyafi, ba tare da direba ya taɓa komai ba. Duk wanda ya tambayi Papa Bayiha yadda abin yake, to ya shirya zama, don sai ya ji shi tun daga tushe.

"Akwatin nan haske yake harbawa cikin gilashi a karkace," in ji shi, "irin hasken da ido ba ya gani, kamar na abin canza tashar talabijin. In bayan gilashin a bushe yake, hasken ba ya samun ƙofar fita. Sai ya daki fatar gilashin ya dawo gida duka. Amma in ɗigon ruwa ya zauna a wajen, ɗigon nan ƙofa ce. Wani hasken sai ya bi ta cikinsa ya gudu. Ka ɗauka uwa ce ta aiki yara goma. Goma suka dawo, sai ta ci gaba da girkinta. Bakwai suka dawo, sai ta ɗaura gyale. Uku suka dawo, da gudu za ta fita. To haka waifar take: a hankali, da sauri, da gudu."

Tsakanin akwatin da gilashi akwai wani ɗan faifai mai danƙo, fari tas kamar farin ƙwai da ya daskare. Ta cikinsa hasken ke wucewa. Shi ne dalilin wanke hannu, shi ne dalilin ƙin fanke. Maiƙon yatsa ɗaya ko kumfar iska ɗaya ta maƙale a ciki, ido ya rikice ke nan. Wata malamar makaranta, Madam Mbango, ta taɓa zuwa da motar da waifarta ke kankare busasshen gilashi a tsakar rana. Makanikai uku sun ci kuɗinta, an canza injin waifa, an bi waya, har addu'a an yi wa motar. Papa Bayiha ya leƙa bayan madubi ya ce, "Madam, iska ce ta shiga idonta." Kumfar ba ta kai ƙwayar gero ba. Ya ɓare tsohon danƙon, ya kwantar da sabo daga gefe ɗaya zuwa ɗaya gefen kamar mai kwantar da jariri, ya zaro kwalbarsa ya fesa sau biyu. Waifa ta share sau ɗaya ta koma ta kwanta. Madam Mbango har yau in ta wuce sai ta yi masa hon.

Kai ne, Papa, wanda ba ya iya ganin mataccen ido ya wuce. Ko ba a sa ka ba sai ka tashe shi. Wannan halin naka ne ya kusa jawo bala'i, kuma shi ne ya kashe wutar.

A Janairun shekara biyar da suka wuce, lokacin da ruwa ke ɗan hutawa gari ya koma kamar tukunya, Wanji mai sayar da fitilun mota, shago biyu daga na Papa Bayiha, ya faɗi a bakin shagonsa bayan ya ci abincin rana. Kafin a kai asibiti ya cika. Shekararsa arba'in da ɗaya. Likita ya ce hawan jini ne. Amma danginsa mutanen Bangangte ne, can cikin tuddai, matarsa Endale kuwa 'yar bakin ruwa ce, 'yar Duwala, kuma abincin da ya ci daga gida ta aiko. Ba wanda ya ce komai a fili. An dai daina amsa gaisuwarta da baki, sai da ka.

Ranar Alhamis, jajibirin ɗaukar gawa zuwa ƙauye, Sadrak direban motar gawa ya kawo motarsa da gilashi a tsage. Papa Bayiha ya cire tsohon, sai ya tarar wani ya taɓa liƙa akwatin da gam ɗin takalmi. Idon ya shekara da shekaru a mace, Sadrak bai ma san motarsa na da shi ba. Tsoho ya wanke, ya sa sabon danƙo, ya kai sandar waifa inda take tashi da kanta, ya fesa ya ga ta amsa. Duk wannan Sadrak yana wajena yana cin wake yana gardamar ƙwallo. Da ya dawo Papa ya fara, "Ɗana, tsaya in nuna maka wani abu a bayan madubi."

"Papa, gobe, gobe. Ni masu jirana ba sa magana, amma danginsu suna yi."

Ya ja mota ya tafi.

Juma'a duk layinmu muka rufe, muka sa ankon da dangi suka fitar, muka tafi harabar ɗakin ajiye gawa. Papa Bayiha ya tsaya ƙarasa wani aiki, ya ce zai biyo mu. Rana ta take. Masu busa ƙaho suna ta yi, an saka akwatin gawa a mota, Sadrak ya bar inji a kunne saboda sanyin ciki. Kamar kullum, an manna babban hoton mamaci a gilashin gaba ta ciki, a tsakiya, samansa ya kai har gindin madubi. Wanji ne da murmushinsa da sanƙonsa yana ƙyalli.

Kowa a layin ya san Endale da sanƙon nan. In ta kawo masa abinci sai ta shafa shi ta ce, "Madubina." Da aka ce dangi su shiga motoci, sai ta saki hannun 'ya'yanta biyu, Dorkas da Lidi, ta nufi gaban motar. Tun asuba take kuka. Ta share fuska da tafin hannu, ta jingina da mota, ta miƙa hannu ta ɗora a kan gilashi daidai saman kan mijinta.

Waifa ta tashi ta ture hannun.

Babu gajimare ko ɗaya a sama. Sadrak yana tsaye a waje yana shan ruwa, babu kowa a gaban sitiyari. Masu ƙaho suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, har babban ƙahon ya rage shi kaɗai, shi ma ya shaƙe.

Wata gwaggon mamaci ta ce, "Sake sawa."

Endale ta dube ta.

"Na ce ki sake sawa, in ba kya tsoron komai."

Ta sake share hawaye, ta sake ɗorawa. Waifa ta sake tashi, hagu, dama, kamar mai kaɗa yatsa yana cewa a'a.

Ban san wa ya fara ihu ba. Na dai ga Sadrak ya yar da ruwansa ya ja da baya yana kiran sunan Yesu. Na ga an fizge ɗankwalin Endale. 'Yan acaɓan da ke bakin ƙofa suka bar baburansu suka kwararo ciki, su da ba su san mamaci ba balle matarsa, wani har da guntun katako a hannu. Ngasam, wan mamaci, dogo mai faɗin ƙirji, yana sanye da farar safar hannu ta masu ɗaukar akwati, ya ɗaga hannu aka ɗan saurara.

"Kowa ya gani," in ji shi. "Ba ni na faɗa ba, ƙanena ne ya faɗa da kansa. Matar nan ba za ta bi gawar nan ba. Yara jininmu ne, da su za mu tafi. Ita kuma a riƙe ta, sai ta sha rantsuwa."

Aka ɓamɓare Lidi daga jikin zanin uwarta tana tsala ihu. Endale kuwa hannunta kawai take kallo, kamar na wani ne aka ba ta ajiya.

A daidai nan Papa Bayiha ya shigo harabar. Ya tambayi wani me ke faruwa, aka ce masa gawa ce ta mari matarta da waifa. Daga baya ya gaya mana abin da ya zo masa a rai a lokacin. Ya dubi motar, ya gane gilashinsa, ya ga inda saman hoton ya tsaya. Ya san abin da ya faru tun kafin ya ƙarasa. Ya kuma san cewa in ya yi shiru, babu mahalukin da zai taɓa haɗa shi da maganar. Sadrak bai sani ba, mu ba mu sani ba. Tsuntsun da ya ja ruwa, aka ce, shi ruwa kan doka, amma wannan karon wata ruwan ke duka, shi yana tsaye a inuwa.

Ya kutsa cikin mutane da kafaɗa. Mutum ne gajere, sai da ya yi ta cewa "gafara, gafara" kamar mai ɗauke da itace. Ya tsaya tsakanin Endale da mai katakon.

"Ni na sa gilashin nan jiya," ya ce. "In akwai wanda ya ture hannun yarinyar nan, ni ne."

Ngasam ya dube shi daga sama har ƙasa. "Tsoho, nan ba gareji ba ne. Kai ɗan ƙabilar Basa, me ya haɗa ka da gawar Bangangte?"

"Shekara goma sha biyu ina shan inuwa ɗaya da ƙanenka. Ba ni minti biyar."

"Ashe tare kuke!" wata ta faɗa daga baya. "Ku ji, da bakinsa ya ce shi ne!"

Papa Bayiha ya kai hannu ƙirji don ya zaro kwalbarsa. Babu aljihu. Telan da ya ɗinka ankon bai sa ba, kwalba tana can rataye a tsohuwar riga a shago. Na ga yatsunsa suna lalubar yadi, na ga gumi ya tsatso masa a goshi. Ni ce na cusa masa ledar ruwan da nake sha. Ya huda ta da haƙori, ya matsa ruwan ya sauka daidai gindin madubi. Waifa ta tashi ta share.

Wasu suka ja numfashi. Ya fara bayani, akwati, haske, uwa da yara goma, amma wa ke sauraron uwa da yara a irin wannan wuri?

Ngasam ya yi dariyar da babu daɗi a cikinta. "Ruwa ka zuba. Wane jariri ne bai san waifa da ruwa ba? Ita ba ruwa ta zuba ba, hannu ta sa. To ga hannu."

Ya jira rana ta lashe sauran damshin, ya ɗora tafinsa da safa a kan hoton. Shiru. Ya cire safar ya jefar, ya sake ɗorawa, ya danna har motar ta motsa. Waifa tana kwance kamar ba ta taɓa tashi ba a duniya.

"To? Ni me ya sa bai ture ni ba?"

Harabar ta ɗauka gaba ɗaya. Mai katako ya matso. Wani ya cafki wuyan rigar Papa Bayiha ta baya, maɓalli biyu suka tsinke. Yana ta cewa, "Hannunsa a bushe yake, kuma a ƙirjin hoton ya sa, ba a kan idon ba," amma muryarsa ta nutse. Ya yi tunanin ya jiƙa nasa hannun ya sa, sai ya ga ba amfani, tunda an riga an ce bakinsu ɗaya. Ya yi tunanin ya ce Ngasam ya jiƙa nasa, sai ya ga mutumin da ya riga ya ci nasara a gaban jama'a ba zai yarda a sake zagaye ba. Hannu yake bukata, jiƙaƙƙe, wanda duk harabar nan babu mai iya ɗora masa laifi.

Sai idonsa ya sauka a kan Mama Njike.

Uwar mamaci ce, tsohuwa 'yar firit da ta haura tamanin. An zaunar da ita a kujerar roba a gindin mangwaro tun safe. Ba ta shiga hayaniyar ba, wataƙila ma ba ta gane kanta ba. Kuka kawai take, irin na tsofaffi da ba shi da sauti, hankicinta ya jiƙe har tana matse shi a cinya.

Papa Bayiha ya fizge rigarsa daga hannun mai riƙon, ya je ya durƙusa a gabanta, shi da furfurarsa.

"Mama, abin da zan roƙa ba shi da kyau a roƙi uwa a rana irin ta yau. Ki zo ki shafa kan ɗanki."

"Kar ka kuskura!" Ngasam ya daka tsawa. "Ka taɓa uwata, a motar nan za a haɗa ka da shi!"

Tsohuwa ta ɗago. Ta dubi Papa Bayiha, ta dubi Endale da ke tsaye kai babu ɗankwali, ta dubi jikokinta da aka rirriƙe. Ta ce, "Ngasam, tun yaushe ake neman izininka kafin in taɓa abin da na haifa? Kai, tashe ni."

Papa ya ba ta hannu. Tafiyar ba ta fi taku goma sha biyar ba, amma ni na ga kamar daga nan zuwa Bonaberi, can tsallaken kogi. Mutane suka dare. Da suka isa aka ga ba ta kai ba, sai aka jawo akwatin lemo ta taka, Papa yana tallafe da ita. Shi kaɗai ya san abin da ya ɗora a kan wannan hannun. In hawayen sun bushe a hanya, in ta sa a gefe, in idon da ya gyara jiya ya yi gardama yau, to Endale ta gama yawo, babu sauran mai buɗe baki dominta, shi ma ba lalle ya fita da ƙafarsa ba.

"A ina?" in ji tsohuwa.

"Inda kike shafa masa yana ƙarami, Mama. A tsakar ka."

Ta dubi hoton, sai kukan ya sake zuwa mata. Ta share fuska da tafi, ta miƙa, ta ɗora 'yan yatsunta a saman sanƙon.

Babu abin da ya motsa.

Na ƙirga bugun zuciyata, ɗaya, biyu. Na ji wani ya fara cewa "Kun ga..." Tsohuwa ba ta san ana jira ba. Shafa kan ɗanta kawai take, tana cewa wani abu da yarensu, yatsunta suka ɗan hau sama.

Waifa ta tashi ta ture hannun Mama Njike, daidai yadda ta ture na Endale. Ta koma, ta sake dawowa.

Da allura ta faɗi a harabar nan da an ji. Tsohuwa ta dubi bayan hannunta inda robar ta shafa, ta juyo a kan akwatin lemon, yanzu tsayinta ya kai na kowa.

"To, Ngasam," ta ce, "a riƙe ni ni ma. Ni na haife shi, ashe ni na cinye shi. A kawo rantsuwar mu sha mu biyu."

Mai katako ya sauke hannu, ya sulale katakon a bayan ƙafarsa kamar ba shi ya zo da shi ba.

Sai a lokacin aka saurari Papa Bayiha. Ya buɗe ƙofa ya nuna musu akwatin a bayan madubi, ya maimaita zancen haske da ɗigon ruwa, a hankali. Ya ce, "Abin nan bai san matar aure ba, bai san uwa ba, bai san mai laifi ba. Jiƙa kawai ya sani. Ruwan sama, gumi, hawaye, duk ɗaya ne a wurinsa." Ya ja sandar waifa ƙasa ya kashe ta, ya ce duk mai so ya jiƙa hannu ya gwada. Wani ɗan acaɓa ya tofa yawu a tafi ya gwada, shiru. Aka mayar da sanda, ya sake, waifa ta make shi. "Kai!" in ji shi, "ni ko sunan mamacin ban sani ba!"

Mama Njike ta sauko, ta tsaya a gaban babban ɗanta. Ta kamo hannunsa ta juya tafin sama.

"A bushe yake," ta ce. "Tun ranar da aka kira ka a waya a bushe yake. Kai ka goya shi zuwa makaranta, ka yi masa kuka mana, ka bar neman wanda za ka daka."

Ƙaton nan ya zauna a kan ƙarfen gaban motar ya rufe fuska, kafaɗunsa suka fara girgiza. Mun daɗe muna tsaye. Sadrak ne, da ya dawo daga inda ya ɓuya, ya matso ya ce a hankali, "Yaya, don Allah in ka tashi kar ka taɓa gilashin." Ngasam kansa sai da dariya ta kufce masa a cikin kukan.

Tsohuwa ta ɗauki ɗankwalin Endale daga ƙasa, ta kakkaɓe, ta ɗaura mata da hannunta. "Kawo yaranki," ta ce. "Kusa da ni za ki zauna." Sai da Lidi ta dawo jikinta sannan Endale ta fashe da kukan da ya tsaya mata a wuya. Masu ƙaho suka ɗauka daga inda suka tsaya, ayari ya kama hanyar Bangangte.

Papa Bayiha bai bi su ba. Ya dawo layi da riga babu maɓalli, ya zauna a bencina. Na zuba masa fanke huɗu, ya ɗauka da hannu, mai ko ba mai ba, amma bai kai baki ba. Na ce, "Papa, yau ka ceci rai."

Ya ce, "Mami, ni na kusa kashe ta. Na tashi ido a motar mutum ban gaya masa ba. Ya ce gobe, ni kuma na bar shi."

Tun daga ranar, babu motar da ke barin shagonsa sai mai ita ya karɓi kwalbar da hannunsa ya fesa, ya ga waifa ta tashi, ya kuma nuna wa Papa yadda ake kashe ta. Ko kwamishina ne, ko mai saurin kama jirgi. Makullin motar yana aljihun Papa har a gama. An sha zaginsa a kan wannan, wani ma ya ce ba zai sake zuwa ba. Papa ya ce, "Ka je lafiya, amma fesa tukuna."

Yanzu yanar ido ta sauka masa. Kumfar da yake hangowa daga tsaye, yau sai ya kai hanci jikin gilashi, kuma ya ce mutumin da ba ya ganin kumfa ba shi da hurumin taɓa ido. Ƙarshen watan nan zai rufe ƙofar ƙarfen ya koma ƙauyensu a wajen Eseka. Babu gwamnatin da za ta ba shi lambar yabo, babu jaridar da ta san sunansa. Shi ya sa na ce sai na faɗa tun yana ji da kunnensa.

Kai ne, Papa Bayiha, mai wanke hannu don abin da ba wanda zai leƙa. Kai ne ka shigo harabar da ba wanda ya san da hannunka a ciki, ka ce "ni ne" a gaban mai katako. Ilimin akwatin ashana ne kawai a kanka, amma ka san shi har ƙasansa, kuma ranar da aka bukace shi ya fi ƙarfin taron mutum ɗari biyu. Mun gode, mu mutanen layin Yabasi. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka ci rogon gonarka da daɗi.

Ku kuma masu sana'a, ko gilashi ne, ko allura, ko tukunya irin tawa, ku san abin da ke hannunku har ku iya faɗinsa ga mai jin tsoro. In kun gyara, ku yi bayani. In aikinku ya taɓa wani, ku fito ku ce naku ne.

Endale tana nan, ita ke riƙe da shagon fitilu. Dorkas ta shiga sakandare, kuma Ngasam ne ke zuwa ɗaukar yaran hutu. Jiya da hantsi Endale ta tsallako da ƙunshi ta ajiye a gaban Papa. Riga ce sabuwa ta tafiya gida. Ya warware ta yana lalubawa da yatsa, sai ya tsaya. Aljihu biyu a ƙirji, ɗaya a dama, ɗaya a hagu.

"'Yata, biyu kuma? Kwalbar ai ɗaya ce."

"Na tsaya a kan telan har ya gama," in ji ta. "Ba na so ka sake laluba ka rasa."